Abel a Gonar Babanmu

Abel ƙanena ne, ni na goya shi. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da fizis a wata sakandare kusa da Shanono, da yamma ya saɓi fartanya kamar kowa. Abin da ya shiga ransa shi ne wani ilimi wai shi kwantam. Wata rana muna ɓarar gyaɗa na tambaye shi ko mene ne. Ya fasa kwanso, ya nuna mini ƙwaya biyu.

"Yaya Naomi, akwai ƙananan abubuwa da ido ba ya gani. In suka tashi tare kamar waɗannan, ko an kai ɗaya Makoda, ta hannunki za ta gaya miki halin waccan. Da su ake son ƙera sabuwar kwamfuta."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Farfesa. Miƙo tiren."

Bara waccan aka ce gwamnati za ta ɗauki nauyin masu wannan bincike shekara uku, sunansa ya fito. Sharaɗin shi ne ya ajiye aiki. Ya ajiye. Gonar da Baba ya bar masa kuma ya ba maƙwabcinmu Malam Ja'afaru aronta, shekara uku, a gaban mai unguwa.

Ya tafi jami'a tun kafin ruwan shuka. Bayan wata uku aka tara su, wai an sake shawara, tallafin ya koma kan binciken da za a ga amfaninsa yanzu-yanzu. Su da suka zauna suka sake shawarar, akwai wanda ya ajiye aikinsa?

Ya dawo gero ya kai gwiwa. Gurbinsa a makaranta an ba wani. Gona kuwa, a nan ba a karɓe aro da shuka a ciki.

Malam Ja'afaru ya zo har gida. "Malam Abel, mu raba ta biyu mana."

"A'a, Malam, da bakina na ba ka. In dai kana neman hannu a noma, ga ni."

Haka ƙanena ya koma ƙodago a gonar ubansa. Damina biyu ke nan.

Jiya na kai masa abinci gona. Na fasa gyaɗa, na miƙa masa ƙwaya biyun, na ce ya ƙara yi mini bayanin nan, na manta.

Ya dube su, ya mayar mini.

"Ci abarki, Yaya."