Yaran da Ba Su Shiga Ƙirgata Ba

Shekarar da na fara digiri na biyu ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Dutse, ga yara uku a gida, ƙaramin yana goye. Litinin zuwa Alhamis ni ce malama, Juma'a da Asabar ni ce ɗaliba, Lahadi kuma mai wanki. Karatun da aka ce shekara biyu ne sai da ya ci huɗu. Aka rufe makarantu saboda annoba, aka buɗe, malaman jami'a suka tafi yajin aiki, suka dawo, sai fetur ya yi tashin da mai a-daidaita-sahu yake yi wa mutum kallon wanda ya zo roƙo. Wasu darussan ma ta waya muka yi su, na jingine ta da gwangwanin gishiri ina tuƙa tuwo. Da yawa cikin waɗanda muka fara tare sun haƙura. Ni kuwa tun ina ƙarama ake ce min mai taurin kai, kuma ban taɓa musantawa ba.

Bincikena a kan zuwan yara makaranta ne a wasu ƙauyukan Buji: kowane gida yara nawa ne, nawa ke zuwa aji, nawa ba sa zuwa. Na buga takardun tambayoyi, duk Asabar ɗin da babu darasi na hau bas, na ƙarasa a acaɓa, na bi gida-gida ina tambayar iyaye mata. Tambayar farko ita ce, "Yaranki nawa?" Na kuma kwafo sunayen ɗalibai daga rajistar makarantun ƙauyukan. Na haɗa komai tsaf, na kai wa Farfesan da ke duba aikina ina jiran yabo.

Dattijo ne mai sanyin magana, amma ba ya tsallake layi. Bayan mako guda ya kira ni ofis, ya baje takarduna a gefe ɗaya, rajistar a ɗaya gefen.

"Malama, a wane gari ne yaran makaranta suka fi yaran da aka haifa yawa?"

Ya nuna min sunaye a rajista, ga sunan uba, ga unguwa, amma a takardar gidan babu su. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ya ce ya sha ganin ɗaliban da ke zama a gindin bishiya su cike takardu da kansu. "Ban ce kin yi ba. Amma ba zan sa hannu a wannan ba." A lokacin saura mako shida wa'adin ƙarshe da jami'a ta ba mu ya cika, wanda bai gama ba an sallame shi ke nan.

Na fito ina huci. Rasa digirin ya dame ni, amma abin da ya fi ci min rai shi ne a ɗauke ni maƙaryaciya, ni da na yi ta ratsa gonaki har ƙafata ta yi kaushi. Da na faɗa wa Baban yara ya ce in yi haƙuri, sai na huce a kansa, kamar shi ya rubuta rajistar.

A kwanakin nan Inna, mahaifiyarsa, tana wurinmu. Ta zo daga ƙauyensu na wajen Kafin Hausa an yi mata aikin ido. Wata la'asar na baje takardun a tabarma ina juya su ina tsaki, ita kuma tana gefe tana jan carbi.

"'Yar nan, me takardar ta yi miki?"

Ba na sakin baki a gaban suruka, amma ranar na zayyana mata komai. Da na gama, sai ta ce, "To tambaye ni yadda kika tambaye su."

Na ce, "Inna, yaranki nawa?"

"Alhamdu lillahi, Allah ya ba mu."

Na matsa mata kamar yadda na matsa wa matan Buji. Ta fara ambato tana lanƙwasa yatsu, ta tsaya a biyar. Alhali su shida ne.

"Inna, saura Baban yara."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ke, rufa min asiri. Wa ke ƙirga wannan?"

Biron da ke hannuna ya faɗi. Ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sa shi a lissafi a gaban mutane, saboda kunya. Na san wannan tun kafin in san baƙi, amma da na riƙe takarda mai layi-layi sai na manta da wa nake magana. Matan nan ba su yi min ƙarya ba, ni ce na yi musu tambayar rashin ta-ido.

Inna ta ƙara da cewa da yawan 'yan farin ma ba a ɗakin uwa suke ba, tun daga yaye kaka take ɗauke su. "Kakanni za ki tambaya. Mu ba ma kunyar jika."

Sai aka koma neman lokaci. Wata abokiyar aikina ta karɓi darussana na Alhamis, ni kuma na karɓi makin jarrabawar ajinta. Baban yara ya shiga kicin, yara suka ci taliya da manja har suka fara kai ƙararsa wurina. Inna kuwa ta kafe sai ta bi ni, da baƙin gilashinta na asibiti, wai idan na je ni kaɗai zan sake ɓata abin.

Lokacin girbi ne, mata duk suna wajen sussukar gero. Inna ce ke shiga gaba. Ta yi sallama, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi amfanin gona, a sha fura, ni ina satar kallon agogo raina yana tafasa. Sai an gama duk wannan take juyawa ga tsohuwar gidan ta ce, "Yaya, ina angwayen naki?" Nan take baki ya buɗe. "Ga babban maigidana can, aji huɗu yake, ko cefane bai taɓa kawo min ba." Su lissafo jikoki kaf, da na ɗaki da na riƙo, da wanda ke zuwa makaranta da wanda aka cire ya koma kiwo. Ni dai rubutu nake yi har yatsuna suka sage. Alhamis huɗu da Asabar huɗu muka yi a haka, kuma sunayen rajista suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Farfesa ya karanta sabon aikin a gabana, ya cire tabarau ya ce, "Malama, ki yafe ni." Ya sa na mayar da kuskuren nawa babi guda, don masu zuwa bayana. Ranar kare kundin binciken, a kan wannan babin aka fi yi min tambayoyi, na amsa ba tare da na duba takarda ba. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da kaina, kuma har yau ina yi.

Daga jami'a gidanmu na wuce in faɗa wa mahaifiyata. Ni ma 'yar fari ce, a wurin kakata na tashi. Na same ta tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na ce an gama, na ci. Ba ta ɗago ba. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce wa yayarki Allah ya sa albarka." Na ce amin, na tashi, don ban zaci fiye da haka ba.

Ina zaure ina sa takalmi sai na jiyo muryarta ta kan katanga tana kiran maƙwabciya.

"Hajiya, kin ji yarinyar nan ta gama digiri na biyu?"

"Wace yarinyar?"

Da murya ƙasa-ƙasa mahaifiyata ta ce, "Babbar mana. Tawa."

Na daɗe tsaye a zauren da takalmi ɗaya a ƙafa, ina share hawaye da bakin mayafi, kafin na iya fita titi.