Motar Kawu Ba Ta Komawa Baya

Asabar: Bacirawa zuwa Tofa

Muna idar da sallar asuba muka shirya barin gidan Kawu Alhaji Sale da ke Bacirawa, za mu ta'aziyya ƙauyenmu a hanyar Shanono. Mu uku ne: Kawu a baya, ni a gaba, sai Malam Ado, direban da ya tsufa a hidimarsa. Motar tsohuwar ƙirar Jamus ce, baƙa, mai dogon baki, irin mai sauya giya da kanta. Kawu ya saye ta lokacin da yake tashe a cinikin hatsi, kuma ita kaɗai ta rage masa daga wancan zamani.

Kafin mu tashi, Nasiru, babban ɗan Kawu, ya ja ni gefe. "Ka sa mini ido a kan akwalar nan. Mun gama magana da ƙannena. Ta sake kawo babbar matsala, 'yan gwangwan za su ɗauke ta." Malam Ado na goge gilashi kusa da mu, bai ɗago ba. Muka fita ta ƙofar baya, domin gidan ƙofa biyu gare shi.

Kafin Tofa muka tarar da shingen 'yan sanda. Malam Ado ya ɗan gota, ɗan sandan ya yi masa alamar ya dawo. Maimakon ya yi ribas, sai ya fito ya taka da ƙafa, takardu a hannu. Na ɗauka ladabi ne. A Tofa muka karya da koko da ƙosai, ya ajiye motar can nesa a wani fili, muka tako. Wannan ma ban kawo komai ba.

Burtali

Da hantsi muka bar kwalta muka shiga burtali. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsayi, yana gogar motar dama da hagu. Mun yi nisa sosai sai muka iske ruwa ya cinye hanya, ya bar rami mai zurfin ƙugu.

Kawu ya ce, "Ado, yi baya mu bi ta gabas."

Malam Ado ya ci gaba da kallon ramin.

"Ado, da kai nake."

"Alhaji, ba ta yin baya."

"Tun yaushe?"

"Wannan ce damina ta uku."

Na juya na kalle shi da kyau, na ga ba wasa yake ba. Shekara uku yana yawo da mu cikin Kano, kasuwa, asibiti, ɗaurin aure, da motar da gaba kawai ta sani.

Kawu ya cire tabarau. "To a gida yaya kake fita?"

"Ai shi ya sa na ce a fasa katanga a yi ƙofar baya."

"Ka ce don iska ta riƙa ratsa gida!"

"Tana ratsawa, Alhaji."

Kawu ya yi salati. Malam Ado ya ce ya san in aka ambaci giya a gaban yaran, motar ta tafi, kuma bai san yadda Alhaji zai yi ba ranar da ya leƙo ya ga wurinta wayam.

Mai gonar da ke hannun dama, wani dattijo da fartanya a kafaɗa, ya ƙaraso ya ji damuwarmu. Ya ce, "Ku shiga ta nan ku kewayo. Abin da taya ta taka na yafe." Na dubi geron, ya fara fitar da kai.

Kawu ya ce, "Malam, da gero na sayi motar nan. Ba za ta taka shi ba."

Sai dattijon ya kwanto shanun huɗarsa biyu. Aka ɗaura igiya a ƙarƙashin motar ta baya, Malam Ado ya sa ta a furi yana riƙe da sitiyari, shanu suka ja mu da baya har bakin mararraba. Mata masu kai abinci gona suka tsaya suna kallo. Wata ta ce, "Yau ga Alhaji a amalanke mai gilashi."

Mun isa ƙauye bayan azahar, muka yi ta'aziyya. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, aka yi mana shimfiɗa a zaure. Kawu bai ci sosai ba.

Lahadi: garejin Tofa

Da safe muka tsaya wurin wani makanike a Tofa. Ya zaro sandar awon man giya ya goga a tsumma. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana ƙauri. Ya tambayi rabon da a sauya shi, Malam Ado ya dubi ƙasa. Kawu ya zauna a benci ya ce, "Faɗa mini gaskiya, ta mutu?"

Makaniken ya shige ƙarƙashi. Jim kaɗan ya fito da wata guntuwar roba a tafin hannu, ba ta kai goro ba, duk ta rududduge. Ya ce bushin ne, shi ke riƙe ƙarfen da ya haɗa hannun giya da giyar. Da ya cinye, sai ƙarfen ya yi sako-sako, ba ya kaiwa ribas. Giyar kanta lafiyarta ƙalau, sai dai da an ƙara wata shekara da wannan man, da ta ƙone.

Kawu ya karɓi robar ya juya ta. "Ado, saboda wannan na rushe katanga?"

Aka sa sabuwa, aka zubar da tsohon mai, aka wanke kaskon giyar, aka sauya abin tace man. Malam Ado ya ja hannun giya, motar ta yi ɗan motsi, ta tafi baya. Ya taka birki.

Gida

Mun iso Bacirawa da la'asar, Nasiru na tsaye a ƙofar gaba. Ya dube ni. "Yaya akwala?"

Kawu ya riga ni. Ya sauke gilashi ya miƙa masa robar. "Ga babbar matsalar. Kai wa 'yan gwangwan ɗinka." Sannan ya ce, "Ado, shiga da baya."

Malam Ado ya juya motar, ya shigar da ita a hankali, gumi na zuba, domin hannu ya manta. Saura ƙiris ya gogi ginshiƙi, amma ta shiga.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da dattijon da ban ko tambayi sunansa ba, da shanunsa. Ƙofar baya kuwa Kawu ya ce a bar ta, iska na ratsawa.