Zanen da Ke Kan Gurasa

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Safa a Jidda zuwa filin jirgi, ni da kafilina, wato maigidana, dattijon da na daɗe ina tuƙawa. Idonsa ya fara mutuwa, ya kuma rantse sai ya ga ƙauyen kakarsa kafin ya daina gani. Ita 'yar Armeniya ce daga duwatsun gabashin Turkiyya. Tana ƙarama aka watsa mutanenta, Larabawa suka tsince ta suka raine ta, ta musulunta, a Jidda ta rasu.

Daga Istanbul muka sake jirgi zuwa garin Wan. Ni ɗan unguwar Nuzla ta Jidda, inda fanka ma wuta take hurawa, sai ga ni ina karkarwa cikin riga biyu, ƙanƙara fara fat a kan duwatsu. Karin kumallonsu kuwa har na ji kunyar cikina: zuma, cuku mai ganye, gurasa da zafinta, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Tafkin Wan shuɗi ne shar, ruwansa da santsi kamar an jiƙa kanwa. Muka shiga kwalekwale zuwa tsibirin Akdamar, inda tsohuwar majami'ar Armeniyawa take, an sassaƙa Annabi Yunusa da kifinsa a bango. Ba mu tarar da mai ibada ba, sai masu ɗaukar hoto.

Washegari muka hau hanya mai murɗiya zuwa ƙauyen. Kurdawa ne a ciki yanzu. Sun karɓe mu da shayi da fara'a, amma ko tsofaffinsu ba wanda ya taɓa jin sunan gidan su kakar tasa. Muka zaga har ƙafar dattijon ta gaza, ya jingina da bangon wani garken tumaki. Nan hannunsa ya faɗa kan wani sassaƙaƙƙen dutse da aka cusa cikin ginin, mai alamar gicciye. Ya daɗe yana shafawa da yatsa.

"Ya waladi, ɗana," ya ce mini, "wannan kakata take zanawa a kan ƙullin gurasa kafin ta gasa. Mu duk mun ɗauka ado ne."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Tausayi ya kama ni. Shi ya goge fuska ya ce, "Halas, shi ke nan. Yalla, mu koma gida."

Tafiyar ta nuna mini cewa gari yakan ɓace duwatsunsa na tsaye. Muna sauka Jidda na wuce Nuzla wajen mahaifiyata, na tambaye ta daga wane gari kakanmu ya taso a ƙafa zuwa hajji, kafin ya yada zango a Sudan.

Ta ce, "Wajen Haɗeja, ina jin. Ko Katagum. Masu sani duk sun rasu."

Shi dai ya sami dutsen shafawa. Ni ko sunan garin ban samu ba.