Kwantenar Lukmanu Ta Koma Teku

Lukmanu bai taɓa ganin teku ba, amma ya yi shekaru yana kwana cikin abin da ya ƙetare ta. Ya zo Abuja daga wani ƙauyen Gumel farkon mulkin farar hula. Ya yi dako, ya yi tallan ruwan leda, har ya sayi tsohuwar kwantena kusa da tashar Jabi, ya zuba sabulu da madara da katin waya. Nan ne shago, nan ne ɗaki.

Oga Al-Amin, wani jami'in gwamnati da ke tsayawa sayen kati, shi ya ba shi tarihinta.

"Malam Lukmanu, kwantenar nan ta fi ka yawo. Ta ga Rotterdam lokacin da take kan gaba a tashoshin jiragen ruwa. Ta ga Hong Kong da ta ƙwace girman, ta ga Singafo. Yanzu Shanghai ke tasowa."

"To Oga, ai ta gaji. Ta zo gida ke nan."

Maƙwabtansa duk kan bulo suke ɗora nasu, don a Abuja mai hankali ba ya barin shagonsa ya saba da ƙasa. Shi kuwa Lukmanu yana so matarsa Barira ta zo ta tarar da gida wanda ba ya girgiza. Ya kira magini, aka binne gindin kwantenar cikin kankare, aka yi baranda.

Wata safiya aka shafa wa layin jan fenti, alamar rusau. Maƙwabta suka kira motar ɗaga kaya, ta kwashe nasu ɗaya bayan ɗaya zuwa Mararaba. Da aka zo kan ta Lukmanu, sarƙa ta miƙe, inji ya yi gurnani, kwantena ko gezau.

Direban ya leƙo ya ce, "Maigida, wannan ai shuka ta ka yi. Jira ta yi 'ya'ya."

Katafilar masu rusau kuwa, da ta zo, ba ta sha irin wannan wahala ba. 'Yan gwangwan suka yanyanka abin da ya rage.

Yanzu Lukmanu yana tallan kati a cunkoson Mararaba. Barira tana ƙauye. Rannan ya ci karo da motar Oga Al-Amin, ya ba shi labari.

Oga ya ce, "Haƙuri za ka yi, ko Rotterdam an wuce ta. Irin ƙarfen nan ma, na ji Shanghai ake kai shi."

"A cikin me, Oga?"

"A kwantena mana."

Hanya ta buɗe, Oga ya ɗaga gilashi.