Batirin da Na Ba 'Yan Barka

Wata biyu ba ku ji ɗuriyata ba. Ina nan da raina, kuma ni nake rubuta wannan da hannuna, da ɗan karatun da na samo a ajin yamma bayan na yi furfura.

Kun san aikina. Ina nutsewa a madatsar ruwa da ke bayan Samaru, ina gyara bakin bututun famfo idan ya toshe. Can ƙasa duhu ne, ga sanyi. Ɗana Bitrus, da ke irin wannan aiki a teku, ya aiko mini da fitila da wata riga mai ɗumama jiki, batir ɗaya suke sha. Ya ce, "Baba, kada ka shiga ruwa sai ka ga ya cika. Kuma ka rage wa hanyar dawowa caji."

Ana gobe zan shiga, 'yata Saratu ta haifi mace. Gidanmu a Muchia ya cika da 'yan barka, ga shi an ɗauke wuta. Wata ta ce wayarta ta mutu, tana son sanar da dangi. Batirin yana da kafar caji. Wa zai hana 'yar barka? Na miƙa. Daga ɗaya sai ga wayoyi a jere kamar tsire.

Aka ce in ɗauki jaririya, na ce hannuna kaushi ne, sai ranar suna.

Da safe ban duba batirin ba.

Ina ƙasa, na kusa gamawa, fitila ta fara ja, alamar caji ya kusa ƙarewa. Dole in zaɓa: haske ko ɗumi. Na kashe rigar, don in ba haske ba zan ga agogon da ke nuna sauran iskata ba. Kuma wanda ya daɗe a zurfi ba ya tasowa da gudu, sai ya tsaya mataki-mataki yana jira. Haka na riƙe igiya, haƙorana suna kaɗawa.

Kwana uku sai tari da zazzaɓi. Ina jan numfashi kamar ana soka mini wuƙa a haƙarƙari. Na ce mura ce. Matata Laraba ta ce, "Baban Bitrus, murar ce ta hana ka ƙarasa Addu'ar Ubangiji? Tashi."

A asibiti aka ɗauki jini da hoton ƙirji. Likita ya ce nimoniya ce, huhun dama ya kamu sosai. Aka sa mini robar iska a hanci, allura safe da yamma. Da ya ji labarin batir sai ya ce, "Baba, ka ba da cajinka sadaka, yanzu mu za mu yi maka caji."

Na yi dariya, dariyar ta zama tari.

Iskar nan akwai tsada. 'Yan cocinmu da maƙwabtanmu Musulmi suka ɗauke mana nauyin.

Ranar suna ina kwance. Abin da ya tsorata ni ke nan: in tafi ban taɓa riƙe yarinyar nan ba, alhali an miƙo mini ita na ce sai wata rana.

Kwana goma sha biyu aka cire robar. Aka sallame ni, amma likita ya ce kada in matsa kusa da jaririya sai tarin ya ɗauke. Ta taga nake leƙenta kamar ɓarawo.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da Laraba da ba ta saurari gardamata ba.

Masu nutso, ku duba batir da idonku kafin ku sa ƙafa a ruwa. Ku rage ɗumin riga lokacin da kuke aiki, jiki na motsi. A tsayuwar dawowa sanyi ke kama mutum. Ku riƙe ƙaramar fitila mai batirinta daban. Tari da ciwon ƙirji kuwa, ku tafi asibiti a ranar.

Jiya Saratu ta shigo ɗakina ɗauke da jaririya ta ce, "Baba, ko har yanzu hannun da kaushi?"

Hannu biyu na miƙa. Sunanta Godiya. Ta yi barci a ƙirjina, daidai gefen da ya yi ciwon, ban motsa ba har la'asar.