Motocin da Na Ajiye a Zuba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Bulus, wanda ya yi akanta a kamfanin da na yi wa aikin sito har na yi ritaya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don ba shi na zo tuhuma ba. Ya isa in ce yana cikin masana'antun da suka tashi tare da Abuja bayan dawowar mulkin farar hula, kuma ba abu ɗaya yake ƙerawa ba. Akwai sashen kwanon rufi, akwai na tankunan roba da bokitai, a da akwai na fenti, daga baya aka ƙara na wayar lantarki. Duk wanda ya yi gini a garin nan a shekarun nan, da wuya a ce babu kayanmu a jikin gidansa.

Makon jiya kamfanin ya fitar da rahotonsa na wata uku kamar yadda ya saba. Har yanzu ina da ɗan hannun jari a ciki, don haka na sayi jarida, na zauna a ƙofar gida ni kaɗai ina bin layukan da yatsa. An ce kwano ya yi kasuwa, waya na biye da shi, roba ta ja baya saboda tsadar dizal. An ce ana sa ran watanni uku masu zuwa za su fi waɗannan albarka. Na karanta na ninke, na rasa wanda zan tambaya ko haka ne. Mutumin da ya koya mini karanta irin wannan takarda yana kwance a maƙabartar Orozo, kuma har yau sunansa abin dariya ne a cikin kamfanin. Ni na jawo masa haka. Dalilin da ya sa na roƙi wannan fili a jarida ke nan.

Karatuna bai yi nisa ba. Firamare na gama, na yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a, sai neman abinci. Bulus kuwa ya yi karatu mai zurfi, mutumin Filato ne, kuma mun fara sanin juna a Mararaba, inda muka kama hayar ɗakuna a gida ɗaya tun garin bai cika haka ba. Shi yana ce mini Sarkin Sito, ni ina ce masa Akawu, sunan da ba ya so ko kaɗan. Yakan ce ya ƙona fitila shekara da shekaru don ya wuce akawu, ni kuma na mayar da shi da baki. Idan azumi ya zo, a cikin motarsa yake cin abincin rana, gilashi a rufe, don kada in ji ƙamshi. Ranar da aka haifi 'yarsa ta ƙarshe, matata ce ta kwana da matarsa a asibiti.

Shi ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake karanta rahoton kamfani. Ya ce shafin farko an yi masa wanka an shafa masa mai don masu hannun jari, in fara daga baya, inda aka rubuta kayan da ke sito da kuɗin da ba a karɓo ba tukuna. Har yau daga baya nake farawa.

Waɗanda ba su ga shekarun nan ba ba za su gane zafin da ake ciki ba. Gini ko'ina, 'yan kwangila na bin mu da kuɗi a hannu. Direba, malamin makaranta, mai shayi, kowa ya sayi hannun jari, kowa na jiran ya ji abin da kamfani zai ce bayan wata uku. Ya zama kamar doka cewa kowane rahoto sai ya fi na baya. An kawo mana sabon janar manaja, matashi, mai ladabi, tare muke sallah a sahun gaba. Oga muke ce masa. Ba zan mayar da shi shaiɗan a nan ba, shi ma akwai waɗanda ke kansa.

Sai aka yi wata damina mai nauyi. Gini ya tsaya, kwano da fenti suka taru a sito har ba wurin taka ƙafa. Saura kwana huɗu wata ya ƙare, wato a rufe lissafin wata uku, Oga ya kira ni ofis. Ya ce in loda kaya a tireloli, in rubuta takardun fitar kaya da sunayen wasu dilolinmu da suka yarda a ari sunansu, a fitar da motocin daga harabar kamfani kafin ƙarshen wata. Duk abin da ya fita da takarda, a littafi an sayar ke nan. Idan wata ya kama, wanda diloli suka iya ɗauka su ɗauka, saura a dawo da shi a hankali. Bai ce mini inda zan kai su ba. Ni na zaɓi Zuba, don na san a bayan kasuwar kayan marmari motoci ba su ƙirguwa, babu mai tambayar abin da ke ƙarƙashin tamfol. Mota goma sha ɗaya na tura, na ba direbobi kuɗin abinci na ce su jira.

Bulus bai buƙaci kowa ya tsegunta masa ba. Ya ga dilan da bai taɓa ɗaukar rabin mota ba wai ya ɗauki uku a tsakiyar damina. Ranar Asabar ya tuƙa motarsa zuwa Zuba. Ranar Litinin da safe ya shigo sito ya ajiye mini leda a kan tebur.

"Sarkin Sito, ga tsarabarka."

"Daga ina, Akawu?"

"Zuba. Lemo na je saya, sai ga direbobinka a ƙarƙashin tirela suna buga ludo. Suna gaishe ka. Sun ce in faɗa maka kuɗin abinci ya ƙare."

Na ce masa umarni aka ba ni.

"Na sani. Ni ma za a ba ni nawa. Ban ce ka yi faɗa da kowa ba, Isiyaku. Ranar Laraba in an tambaye ka, ka faɗi inda motocin suke kawai. Sauran ka bar mini."

Na ce to. Har na ɓare lemo ɗaya muka raba.

Ranar Laraba aka zauna mitin, da Oga da daraktoci biyu. Bulus ya kawo rahoton da ya shirya. Ya cire kayan motocin nan daga cikin ciniki, ribar ta sauko ƙasa da ta baya. A shafin hasashe kuma ya rubuta cewa watanni uku masu zuwa za su yi nauyi, a rage ƙera fenti, kada a yi wa masu hannun jari alkawarin da ba a da tabbas a kai. Ɗaya daga cikin daraktocin ya ɓata rai. Oga ya sa aka kira ni. Ban taɓa shiga ɗakin nan ba sai ranar.

"Malam Isiyaku, kai ne mai sito. Akanta ya ce kayanmu suna Zuba a ajiye. Diloli sun karɓi kayan nan ko ba su karɓa ba?"

"Sun karɓa, ranka ya daɗe. An sauke musu."

Babu wanda ya matsa mini. Tambaya ɗaya aka yi, amsa ɗaya na bayar. Bulus bai dube ni ba. Ya rufe bironsa, ya sa a aljihun gaba, ya tattara takardunsa.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoron rasa aiki ne ya sa ni, don a lokacin ana ta ɗauko yara masu digiri, ni kuwa ba ni da takardar da zan nuna. Akwai wannan. Amma akwai kuma ɗan kuɗin da na tara na zuba a hannun jarin kamfanin, ina jiran ya hau in rufa ginina. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan muni: na ji daɗi da manyan mutane suka kira sunana suna jiran abin da zan ce, maganata ta rinjayi ta mai karatu.

Bayan mako biyu aka nemi Bulus ya ajiye aiki. Sai kuma abin da ban zata ba ya faru. Wani babban ɗan kwangila da ke gina rukunin gidaje ya zo ya kwashe kayan motocin nan duka, ya nemi ƙari. Rahoton da ya biyo baya ya fi kowanne riba. Ƙaryata ta zama gaskiya da kanta, hasashen Bulus kuma ya zama abin nuni: ga akantan da ya hango faɗuwa ana tsakiyar ci. Ni na ce Allah ya rufa mini asiri. Sai da shekaru suka wuce na gane talala aka yi mini. Tun daga ranar, duk ƙarshen wata uku sai an je Zuba, kuma ni ke turawa. Da shekarar da hannun jari ya faɗi ta zo, babu ɗan kwangilar da ya zo ceto. Kaya suka dawo, fenti ya daskare a gwangwani saboda zaman rana, aka rufe sashen, aka sallami mutanen da na san sunayen 'ya'yansu. A lokacin Bulus ya riga ya rasu, babu kuma wanda ya tuna ya taɓa faɗa.

Da ya bar aiki Orozo ya koma, ya sayi 'yar gona, yana riƙe wa cocinsu da wasu 'yan tireda lissafi. Shekara biyu ya yi a can. Sau biyu na hau mota da niyyar zuwa wurinsa. Na farko na sauka a hanya na ce rana ta yi. Na biyu na kai har bakin layinsu, na hango shi a duƙe yana gyara shingen gona, na juya. Ranar jana'izarsa na tsaya a bayan mutane, na tafi kafin a fara gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Abuja ta yau. Gidajen da aka rufa da kwanonmu ga su nan jere, da yawa babu kowa a ciki sai maigadi. Hanyar Mararaba da muke bi muna hira cikin 'yan mintuna, yanzu mutum sai ya yi asubanci. Kamfanin ya canja hannu, an ce komai a kwamfuta yake, mota ba ta fita sai na'ura ta san inda ta nufa. Wataƙila haka ne. Na san dai da zai karɓi jaridar nan daga hannuna ya ce, "Sun ce roba ta ja baya don dizal. To kwano da ruwan sama ake narka shi?" Sai ya yi dariya, ya nemi ya ga sito da idonsa. Babu mai yi mini irin wannan tambaya yanzu. Matata ta rasu, yara sun watse, tsofaffin abokan aiki kuwa in mun haɗu ciwon gwiwa muke tattaunawa.

Wata biyu da suka wuce na je walimar auren ɗan wani tsohon abokin aiki. Wani matashin manaja da bai taɓa ganin Bulus ba yana tsokanar na kusa da shi, wanda ya ce kasuwar bana sai a hankali. Ya ce masa, "Kai dai kada ka zama Bulus." Aka yi dariya. Na tambaya, aka ce ai haka ake cewa a kamfanin ga duk mai ganin baƙi. Ina riƙe da faranti, na kasa kai loma.

Washegari na nemi Rahila, babbar 'yar Bulus, wadda ke da shagon kayan gini a Mararaba. Ta gane ni tun daga nesa, ta ba ni kujera, ta aika a kawo ruwa. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara tana jujjuya makulli a hannu.

"Baba Isiyaku, ai mun sani. Ranar da abin ya faru ya faɗa wa Mama."

Na tambaye ta ko ya tafi da fushina.

"Fushi ya yi na wata ɗaya. Bayan nan cewa yake, Sarkin Sito zai zo, kunya ce ke riƙe shi, in ya zo kada wanda ya tayar masa da maganar. Har ya kwanta ciwo yana faɗa."

Na ce ta yafe mini a madadinsa.

"Ni na yafe, Baba. Amma mu ba mu taɓa jin ƙaryar ba. Waɗanda suka ji ta suna can."

Bulus bai bar gida a Maitama ba, bai bar hoto a bangon kamfani ba. Gonar ma an yanka ta filaye. Abin da na gani ya rage shi ne 'yar nan, wadda ina zaune aka kawo mata kaya, ta bar ni ta fita ta ƙirga kwano ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa hannu, direba na ta ƙorafi. Sai kuma sunansa, wanda yake hannun mutanen da ba su san shi ba. Wannan ne kaɗai abin da zan iya gyarawa, shi ma a makare.

Don haka ga daraktocin nan biyu in suna raye, da Oga duk inda yake, da yaran da ke dariya a ofis: diloli ba su karɓi kayan nan ba, ba a sauke wa kowa ba. Suna Zuba a bayan kasuwa, cikin mota goma sha ɗaya, ni Isiyaku na ajiye su a can. Lissafin Bulus daidai ne. Ni na yi ƙarya.