Hannun da ya binne cibiyarsu

Innata ce ungozomar ƙauyenmu, can bayan Danchadi, kuma da ƙarfinta ya ƙare ni na gaje ta. A unguwarmu da wuya ka nuna mutum ɗaya wanda ba ɗayarmu ce ta yanke masa cibiya ta binne a bayan ɗakin uwarsa ba. Har mai unguwarmu na yanzu, Inna ce ta karɓe shi. Ta sha ba mu labarin yadda ya zo bai yi kuka ba, sai da ta yi ta hura masa iska a hanci.

Ɗiyata ta fari tun tana ƙarama take bina da ƙwaryar ruwan zafi. Da ta gama sakandare ta ci jarrabawar makarantar koyon ungozomanci a Sakkwato, na yi guɗa har muryata ta dishe. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma a kai ta cikin mako biyu ko a ba wata gurbin. A ofishin ƙaramar hukuma a Bodinga aka ce mana sai da sa hannun mai unguwa. Ni har dariya na yi, na ce ai kuwa an gama.

Na same shi a zaure da mutanensa, na cire takalmi na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, takardar ɗiyarka ce ta kawo ni."

Ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Gwaggo, kin san wagga takarda asali take bi. Kakanku daga Adar ya taho."

Haka ne, ban musa ba. Yunwa ce ta koro shi daga Nijar tun Inna ba ta zo duniya ba, kuma maigidana jikansa ne kamar ni, auren zumunci aka yi mana. Na ce da mai unguwa kakan nan yana kwance a maƙabarta ɗaya da nasa kakan. Na ce ya gaya mini wane gari za mu je a ba mu takarda, tunda can Adar ko sunanmu ba a sani ba.

"Ba ni na yi dokar ba," in ji shi. "In na sa muku, gobe kowane baƙo ya taho."

Baƙo. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutanen zauren nan duk sun sunkuyar da kai, kuma uku daga cikinsu ni na yi wa matansu wankan jego. Sau huɗu ina komawa, har mako biyun suka cika.

Bayan girbin gero, wata ranar Talata da hantsi, sai ga aike daga gidan mai unguwa: matar ɗansa tana kan gwiwa, ta galabaita. Na zauna a bakin murhu na ce ba inda za ni, su nemo mai asali. Ina cikin faɗa na ga ɗiyata ta ɗauko sabuwar reza da zare, ta yafa mayafi, ta tsaya a ƙofa tana jirana. Na tashi, ba don shi ba.

Namiji aka samu. Na yanke cibiya, na haƙa rami a bayan ɗaki, na binne, na danna ƙasar da tafin hannuna. Tun kafin a raɗa masa suna ya zama ɗan ƙasa. Ɗiyata kuwa tana tsugune a bakin rariya, tana wanke zannuwan jinin.